Garejin da ya gano min ciwon P0171 bayan na gama asarar kuɗi a kan sensa

Yau wata biyu da kwana tara kenan da na ɗauko motata daga garejin nan, kuma da gangan na ƙi cewa komai tun a lokacin, don duk mai mota ya san halin wutar cek injin, sai ta ɗauke kwana biyu ka gama yabon bakanike a gaban mutane sannan ta dawo ta zauna maka a dashbod. To yanzu kam na je Kaduna sau uku na dawo, na je Katsina ɗaurin aure, wutar bata dawo ba, shi yasa nace bari in faɗi abin da na gani da idona, mai daɗi da mara daɗi. Ban sa sunan mai garejin ba saboda ban nemi izininsa ba, amma a Kano yake, ta wajen hanyar Zariya.

Motar Corolla ce 2006, mai injin 1.8 wanda ake cewa 1ZZ, 'yar Amurka ce da aka shigo da ita ta Kwatano, shekara shida tana hannuna bata taɓa bani wani ciwon kai na a zo a gani ba. Cikin sanyin Disamba ta fara. Da asuba in na tada ta sai inji tana rawa a silo, wato tana tsaye ban taka totur ba, kamar zata mutu, in ta ɗau zafi sai ta ɗan daidaita, amma in na shiga gosulo na kunna AC sai allurar ta faɗi ƙasa ta taso, rannan ma a Ƙofar Nasarawa ta mutu min a tsakiyar titi 'yan adaidaita suna ta min hon. In na taka totur daga tsaye sai ta ɗan yi shiru kamar tana tunani kafin ta ɗauka. Sai wutar cek injin ta kama.

Bakanikena na gida na fara kaiwa, mutumin kirki ne kuma mun daɗe tare, bana zarginsa da cuta, abin da ya sani ya yi. Ya kira wani yaro mai na'ura ya jona, ta nuna lambar matsala P0171, yaron yace oksijin sensa ce, ya goge wutar ya karɓi kuɗinsa ya tafi, duka bai yi minti biyar ba. Aka canja fulogi huɗu, aka wanke nozul, kwana biyu wuta ta dawo. Aka cire kan batir aka mayar, ta ɗauke, kwana biyu ta dawo. Daga nan aka ce ai dole sai an canja sensar, aka kawo min wata sabuwa fil a kwali, soket ɗinta bai shiga ba sai aka yanke na tsohuwar aka haɗa mata da salatif. Wallahi daga ranar motar ta koma wata aba daban, mai take sha kamar ana zubarwa a ƙasa, tanki mai lita 50 da nake zuwa Kaduna in dawo da saura sai gashi tun kafin Kwanar Dangora a hanyar dawowa ina neman gidan mai, bakin salansa yayi baƙi ƙirin da ƙunar hayaƙi. Kuma ku tuna tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 mai ba abin wasa bane, duk litar da ta ƙone a banza daga bakin iyali aka cire ta. Na kashe sama da dubu saba'in tsakanin kaya da kuɗin aiki, motar kuma ta fi da lalacewa. Wani ma cewa yayi in liƙe wutar da baƙin salatif in huta, wai duk motocin Najeriya haka suke yawo da ita.

Wani abokin aikina ne ya min kwatancen wannan garejin. Na isa ƙarfe tara na safe, ba a taɓa motata ba sai bayan sha biyu, zan dawo kan wannan. Abin da ya fara burge ni shine bai ɗauko na'ura ba tukuna, tambayoyi ya tsaya yi min. Alhaji da safe ta fi yi ko in ta yi zafi? A tsaye ko a guje? Me da me aka canja, wanne aka fara canjawa? Tsohuwar sensar tana ina? Allah ya taimake ni ina da ɗabi'ar karɓar duk abin da aka cire min a mota, tana but a cikin leda. Ya juya ta ya karanta lambar jikinta, Denso ce ta asali, ya leƙa ya duba wadda aka sa, sai ya girgiza kai yace Alhaji wannan ba irinta bace.

Bayanin da ya min kenan, kuma daga baya na bincika na tarar haka ne. Motar tana da sensa biyu a jikin salansa, ɗaya kafin indomi, wato tukunyar da ke tace hayaƙi, ɗaya bayansa. A ido duk kamarsu ɗaya, waya huɗu huɗu, zare ɗaya, sifana mai lamba 22 ke kwance su, amma ta gaban a wannan shekarar ba oksijin sensa ta gargajiya bace, irin wadda Toyota ke kira A/F ce. Ta gargajiyar wutarta tana lilo ne tsakanin 0.1 da 0.9 na bolt, abu biyu kawai ta iya faɗa, mai yayi yawa ko mai yayi kaɗan. Ita kuwa A/F tana faɗin ko da nawa ya yi yawa ko ya yi kaɗan, a na'urarsa tana zama kusan 3.3 in komai daidai ne, kuma tana buƙatar zafi fiye da waccan sosai don haka hitar cikinta ma daban ce. To ni ta gargajiyar aka ɗaura min a gurbin A/F, birenbos, wato kwamfutar motar, yana tambaya da wani yare ana bashi amsa da wani. Da ya jona na'ura kuwa sai ga lambobi sun ƙaru, bayan P0171 ga P0031 na hitar sensa ga P2195 wai sensa ta maƙale tana cewa mai yayi kaɗan. Biyun nan da kuɗina na sayo su.

Ya sa yaronsa ya kwance sabuwar, ya mayar wa tsohuwar soket ɗinta, kuma bai murɗa waya ya naɗe da salatif ba, wasu 'yan ƙananan ƙarafa ya sa ya matse kowace waya da filaya sannan ya zura robar nan da ake hura wa zafi ta kama. Ya ɗaura, ya goge lambobin, ya tada mota ya barta ta yi zafi har fanka ta tashi. Sannan yace in zo in tsaya kusa dashi in kalli allon.

Nan ne na ga bambancin mai karanta lamba da mai karanta mota. Yace P0171 ko kusa bata ce sensa ta mutu ba, cewa tayi iska ta fi mai yawa a injin, kuma birenbos ya yi ta ƙara mai har ya kai iyakarsa bai cike giɓin ba. Injin fetur yana son iska kashi 14.7 a kan mai kashi 1 in an auna da nauyi. Akwai eyafulo a bakin akwatin filtar iska, shi ke auna iskar da ta shigo, birenbos ya lissafa man da ya dace ya ba nozul umarni, ita kuma sensa tana can a salansa tana shinshina hayaƙin da ya fito ta kawo rahoto. Yace Alhaji kamar a gida ne a baka miya ka ɗanɗana kace gishiri bai ji ba, sai a ce harshenka ne ya lalace? Ai tukunyar za a duba, wataƙila wani ne ya ƙara ruwa bayan an gama auna gishirin. Wannan misalin ya zauna min, don duk wata biyun da na yi ina wahala harshen muke ta canjawa.

Ya nuna min layi biyu a allon, STFT da LTFT. Na farko shine gyaran da birenbos yake yi nan take, yana hawa yana sauka, na biyun kuma wanda ya haddace ya riƙe. In da alamar ƙari to mai yake ƙarawa, in da alamar ragi ragewa yake. Lafiyayyar mota in ka haɗa biyun bai kamata su yi nisa da sifili ba, biyar sama ko biyar ƙasa, in ta kai goma a fara sa ido. Tawa a silo ta haura 28. Sai yace da yaron ya taka ya riƙe a 2500, ina kallo lambar ta dinga saukowa har ta tsaya wajen 9. Ya saki, ta koma sama. Yace ka gani ko, iska ce take shiga ta ɓarauniyar hanya bayan eyafulo ya gama awo. A silo iskar da injin ke ja kaɗan ce, ya nuna min bata fi giram 2 a daƙiƙa ba, don haka 'yar ƙaramar kafa ma babba ce a wajenta, amma in an taka iskar halak ta yi yawa sai ta satar ta zama ba komai ba. Da ace famfon mai ne ya gaji ko filtar mai ta toshe, akasin haka zamu gani, a silo lafiya, in an taka lambar ta hau. Duk da haka bai tsaya a zato ba, ya ɗaura agogon awo a layin mai ya nuna 46, yace na wannan injin tsakanin 44 da 50 ne, famfonka ƙalau yake kar wani ya sa ka saya. Na ji daɗin wannan maganar ba kaɗan ba domin famfon ne abu na gaba da aka ce in nemo kuɗinsa.

Sai ya kashe motar ya jawo wata 'yar na'ura kamar ƙaramin janareto, ya cire tiyon iska ya toshe bakin ya dinga hura farin hayaƙi cikin manifol, wato bututun da ke raba wa injin iska. Muka yi shiru muna kallo shi da fitilar waya a hannu. Ba a yi minti ɗaya ba sai ga wani siririn hayaƙi kamar na turaren tsinke yana fitowa daga ƙasan wani ɗan tiyo da ya taso daga murfin saman injin, na PCV mai kwashe tururin cikin injin ya mayar manifol, daga sama lafiyarsa ƙalau har sheƙi yake, da ya lanƙwasa shi sai ga tsaga ta buɗe baki kamar faso a diddige. Can kuma ta gefen da manifol ya haɗu da kan injin wani hayaƙin yana tsattsafowa a hankali. Gasket ɗin wajen roba ne, shekara kusan ashirin yana shan zafi, da aka ciro shi ya bushe ya baje ya yi tauri, na lanƙwasa shi da yatsa ya karye. Shi yasa ta fi yi da asuba cikin hunturu, sanyi yana sa robar ta ƙanƙance kafar ta buɗe, in injin ya yi zafi komai ya kumbura sai ta ɗan rufe.

Baya sayar da kaya. Ya rubuta min a takarda yace in je Ƙofar Ruwa da kaina in sayo tiyo da gasket da filtar iska, kuma ya ja min kunne kar in yarda a ce min a shafa gam kawai, wai wasu gam ɗin silikon tururinsu yana bi ta cikin injin ya je ya kashe sensar da muke ta lallaɓawa. Tiyon ya fara sawa kafin a taɓa gasket, ya tada motar don in gani, STFT nan take ya faɗa ɓangaren ragi, birenbos ya fara janye man da ya saba ƙarawa. Gaskiya na ji wani sanyi a raina a lokacin, don karo na farko kenan da aka taɓa wani abu a motar nan na ga amsarsa da idona ba a ce min in je in gwada kwana biyu ba.

Bayan an ɗaura gasket muka fita gwaji ni ina tuƙi shi yana gefe da na'ura a cinya, muka miƙa hanyar Zariya. A silo ta dawo 3 zuwa 4, amma in na taka sosai tana kaiwa 10 zuwa 11, yace akwai saura. Muka dawo ya kwance eyafulo, sukurori biyu ne kawai, ya haska min ciki, wasu 'yan siraran wayoyi ne guda biyu ƙurar hunturu ta lulluɓe su sun yi furfura. Wayar zafi take yi iska tana sanyaya ta, da haka yake gane yawan iskar, to in ƙura ta rufe ta sai ya dinga faɗin ƙasa da abin da ya shiga. Ya fesa masa wani mai na gwangwani da aka yi musamman don shi, yace ba a sa masa na wanke kafireto ba a kuma taɓa shi da tsinke ko burushi, ya ajiye shi a inuwa ya bushe. Tsohuwar filtata kuwa gefenta ya ɓare, ta nan ƙurar take wucewa, kuma laifina ne don na bar masu wankin mota suna ta bugeta suna hura mata iska ana mayarwa. Zagaye na biyu lambar bata wuce 4 ba ko a ina.

Ya kuma duba sensar baya yace indomina yana nan yana aiki, in kula dashi, don ana cire wa mutane a sayar saboda ƙarafa masu tsada da ke ciki irin su filatinam, mai mota bai sani ba sai P0420, lambar matsalar indomi, ta fito masa. Yace da na ci gaba da yawo da waccan sensar tana ambaliyar mai da shi ma ya narke ya toshe.

Kuɗi: dubu goma na bincike da na'ura, dubu biyar na hayaƙi, dubu goma sha biyu na aiki, kayan da na sayo kuma basu kai dubu ashirin ba gaba ɗaya. Wasu zasu ce dubu goma don a jona na'ura ya yi yawa tunda a lokacin akwai masu yi dubu biyu a bakin titi. Ni na biya na dubu biyun, na faɗa muku inda ya kai ni.

Yanzu abin da bai min daɗi ba, kuma na faɗa masa a gabansa. Jira ya yi yawa, awa uku ina zaune a benci ɗaya tal da ke ƙarƙashin darbejiya, rana na juyowa inuwar ta gudu, kuma babu wani tsari na wanda ya riga zuwa, na ga wata babbar mota ta zo bayana an shigar da ita gabana. Shi kaɗai ne ya iya na'urar, yaransa huɗu kwancewa da ɗaurawa kawai suke, in ya fita sallah ko ya tafi duba wata motar a waje komai ya tsaya cak. Kuɗin hayaƙin ma bai faɗa min ba sai da aka gama, ba yawansa ne ya dame ni ba, na fi so a gaya min kafin a fara. Babu rasit, babu wata takarda da ke nuna abin da aka yi, ni na ɗauki hoton allon da wayata. Sannan da na isa gida na buɗe bonet sai na tarar ɗaya daga cikin maƙallan akwatin filtar iska a buɗe, yaron ya manta bai danna ba, a garejin da aka gama yi min wa'azin ƙura! Na kira shi sau uku bai ɗaga ba, sai da dare ya kira ya bada haƙuri yace zai yi wa yaron magana. Zuwa Ƙofar Ruwa da kanka ma yana da fuska biyu, ka san dai ba a ci ribarka a kaya ba, amma in baka san kaya ba zaka iya dawowa da jabu, ni sai da na tura masa hoto ta WhatsApp daga shago kafin in biya. In mace ce ko dattijo ya kawo mota ya kamata a ce akwai yaron da zai raka su.

Duk da haka in maki biyar ne zan bashi huɗu, kuma na riga na tura masa mutum biyu. Ɗaya mai Camry ce V6, ita lambobi biyu ta nuna, P0171 da P0174, wato ɓangarorin injin biyu duk suna kukan abu ɗaya, kuma da wuya sensa biyu su mutu rana ɗaya, nata babban tiyon iska ne ya yage. Ɗayan kuwa tasa sensar ce da gaske ta mutu, hitarta ta ƙone, aka auna da mita aka tabbatar sannan aka canja. Don kar wani ya fahimce ni ba daidai ba, sensa tana mutuwa, musamman a motar da ke shan baƙin mai ko ruwan lagireto ke shiga injinta, magana ta dai a auna kafin a saya.

Da zan tafi ya bani shawarar in sayi 'yar na'urar nan ELM327 da ake jonawa a soket mai ƙofa 16 da ke ƙasan sitiyari, tana haɗuwa da waya ta bulutut, duk motar da aka yi don kasuwar Amurka daga 1996 tana da soket ɗin. Na saya, na sauke manhajar Torque a waya. Bata kai tasa ba ko kusa kuma akwai na bogi da yawa a kasuwa da basa haɗuwa da wasu motocin, amma tana nuna lamba tana nuna STFT da LTFT, wanda shine abin da nake buƙata. Dan Allah in kun saya kar ku mai da ita abin goge wuta kawai, in ka goge ka share duk abin da bakanike zai karanta, ka ɗau hoton lambar tukuna.

Da safen nan kafin in fito na jona, LTFT yana kan 2.3, silo shiru ko da AC. Saura wata ƙara da nake ji a ƙafar gaba ta dama in na faɗa rami, na tambaye shi yace wannan ba fanninsa bane, ya min kwatancen wani mai gyaran ƙafa a bayan layinsu, ranar Asabar in Allah ya kaimu zan leƙa.